Darasi: Yadda nake haɗa katin ta'aziyya da launin asuba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka. Daga ɗan ɗakin aikina na nan Unguwar Rimi a Kaduna, yau katin ta'aziyya za mu haɗa. Na san wani zai ce ai Bahaushe da ƙafa yake zuwa gaisuwa. Haka ne, zumunci a ƙafa yake. Amma akwai ɗan uwa a Legas ko Ingila da ƙafa ba za ta kai gare shi ba, saƙon WhatsApp kuwa kafin sadakar uku ya nutse.

Takarda mai kauri ce, giram 300. Na riga na yanka, na manne gefunanta a jikin katako, wannan duk kun iya.

Ni baƙi ba ya shiga katina na ta'aziyya. Wanda aka yi wa rashi, duhun da ke ransa ya ishe shi. Shuɗi nake so, irin na zanen rini da ya sha wanki. Da mahaifiyar wata ƙawata ta rasu, ta ce min ba ta da lokaci mai nauyi kamar asuba, don a lokacin ne tsohuwar ke ƙwanƙwasa mata ƙofa ta tashi salla. Sai na zana mata sararin asuba: shuɗi a sama, ruwan ɗorawa can ƙasa. Har yau yana jingine jikin madubinta.

To, bismillah. Ku fara jiƙa takardar da ruwa zalla, ta yi sheƙi amma kada ruwa ya kwanta. Shuɗi daga sama, ana saukowa ana ƙara ruwa... a'a, tsaya, ya yi yawa, bari in tsane buroshin. Yawwa.

Nan fa ku natsu, don nan ne ya wahalar da ni wata da watanni. Shuɗi da ɗorawa in suka haɗu, kore suke haifarwa. Kina neman asuba, sai ki ga gonar alayyafo. Saboda haka ku tsayar da shuɗin, ku bar tazarar yatsu biyu fari fat. Ku wanke buroshi a kofi na biyu, mai tsafta, ba wanda shuɗi ya ɓata ba. Ɗorawar kuma daga ƙasa za ta taso sama. A tsakani ku ja ruwan hoda kaɗan, ɗan mitsitsi, shi zai raba su. Kada ku koma kuna shafawa. Na sake faɗa, kada ku koma. In hunturu ya kama, kafin ka waiga takarda ta bushe, sai an yi hanzari. A watan Agusta kuwa sai ka yi ta jira.

Ga wanda ya bushe tun jiya, a kansa za mu buga. Wannan hatimin roba ne na sassaƙa: bishiyar kuka da "Allah ya jiƙan rai". Rubutun a juye ake sassaƙa shi, ku haska a madubi kafin wuƙa ta taɓa roba. Masu raina wannan sana'a su nemi ayyukan Bruce Onobrakpeya, gwanin sassaƙa da buga zane, su gani. A Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958.

Tawada sama-sama. Wasu na danna da hannu, ni bayan cokali na fi so, ana murzawa daga tsakiya zuwa gefe. Au, na manta, ku sa farar takarda a kai kada cokalin ya zame.

Katunan suna da na Sallah, masu ruwan goro da ja, akwai su a ƙasa, kowanne da ambulan ɗinsa. 'Yan Kawo, Malali da Barnawa ana kai muku har gida, ku yi min magana a Instagram.

Bari mu ɗaga a hankali, daga kusurwa ɗaya. Masha Allah, kun ga kukar nan? Har ƙananan rassan sun fito. Kada kowa ya taɓa sai gobe.