Daga Ina Kalmar "OK" Ta Samo Asali?

Da wuya a sami kalmar da ta zaga duniya kamar "OK", wadda mu ma muke furtawa da "oke" idan ciniki ya faɗa ko za a ajiye waya. Saboda wannan shahara, al'ummomi da dama sun yi iƙirarin cewa daga harshensu ta fito.

Akwai masu danganta ta da "ola kala" na Girkanci, wato komai lafiya. A Amurka kuwa an daɗe ana jingina ta ga "okeh" na harshen Choctaw, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar, har Shugaba Woodrow Wilson ya riƙa rubuta ta haka a kan takardunsa. Masanin harsuna David Dalby shi kuma ya ce bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka ƙetare teku da ita, ya kafa hujja da "waw kay" na harshen Wolof. Wannan ra'ayi yana da daɗi a kunnenmu, amma kama da wane ba ta wane ba ce, kuma a binciken asalin kalma rubutacciyar shaida ce take raba gardama.

Wanda ya tono shaidar shi ne Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia, wanda ya bi tsofaffin jaridu ɗaya bayan ɗaya, ya wallafa sakamakonsa a 1963 da 1964. Ya gano kalmar a jaridar Boston Morning Post ta ranar 23 ga Maris, 1839. A lokacin 'yan jaridar Boston suna yayin karkata rubutun kalmomi da gangan don raha, sannan su taƙaita su, shi ya sa "all correct", wato komai daidai, ta koma "oll korrect", aka ɗauki haruffan farko. Takwarorinta irin su "O.W.", taƙaitaccen "oll wright" (wato "all right"), duk sun ɓace.

Siyasa ce ta raya ta. A zaɓen 1840 magoya bayan Shugaba Martin Van Buren, wanda ake yi wa laƙabi da "Old Kinderhook" saboda sunan garinsu, suka kafa ƙungiya mai suna O.K. a birnin New York, haruffan suka cika jaridu. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma daga baya ma'aikatan wayar tangaraho suka rungumi haruffan biyu don tabbatar da cewa saƙo ya iso, domin gajeru ne kuma ba su da wuyar bugawa.