Borin jinin da zafi ke tayarwa da yadda ake lallaɓa shi a gida

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka.

Bari mu fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai ƙurajen zafi, masu fesowa idan ƙofofin gumi suka toshe. Su kwana suke yi, wani lokaci kwanaki. Wanda ya tara mu yau daban ne, borin jini ne. Mutum zai yi ɗan gudu, ko wanka da ruwan zafi, ko ya sha shayi mai tururi, ko ya ci yaji, kai ko ransa ne kawai ya ɓaci, cikin 'yan mintuna sai ya ji kamar ana tsira masa allurai a ƙirji da wuya. Sai ƙananan ƙuraje su taso, kowanne bai fi milimita 1 zuwa 3 ba, ga ƙaiƙayi. Kafin awa ɗaya, yawanci sun baje kamar ba a yi ba. Shi ya sa mai shi kan je gaban likita fata sumul, har a yi zaton ƙari yake yi. To ku ɗauki hoto da waya lokacin da abin ya tashi. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka a haska fitila ta gefe, tudun ƙurajen zai bayyana.

Tun 1924 wani likita a Amurka mai suna Duke ya bayyana wannan larura, kuma ta fi kama matasa. Abin da ke faruwa shi ne, idan zafin cikin jiki ya ɗan hau, jijiyoyi kan saki sinadarin asetilkolin don a yi gumi. A jikin masu larurar, wannan aiken kan zaburar da wasu ƙwayoyin fata su zubo histamin, shi ne mai kumburin da ƙaiƙayin. Ku lura, zafin na ciki ne. Mutum yana iya zama a inuwa abin ya same shi.

Tunda haka ne, aikin gida shi ne a sauke zafin nan da wuri. Da ka ji tsirar farko, tsaya. Kada ka ce bari in ƙarasa aikin. Nemi iska, sassauta tufafi, jiƙa tawul da ruwan sanyi ka ɗora a wuya da ƙirji da hammata, ka kurɓi ruwa mai sanyi. Susa kuwa daɗinta na minti ɗaya ne, ƙara tayar da shi take yi. Idan hannu ya ƙi haƙuri, danna wurin da tafi, ko a shafa kalamin, ruwan maganin shafawa mai kwantar da ƙaiƙayi. Wanka a yi da ruwa mai ɗumi-ɗumi ko mai sanyi. Tufafi na auduga, masu yalwa. Motsa jiki ba a daina shi ba, a mayar da shi lokacin da gari ya yi sanyi, a fara a hankali.

Sai magani. Cikin masu hana histamin aiki, waɗanda ba su cika sa barci ba su ne gaba: setirizin ko loratadin, miligiram 10 a rana ga babba. Sun fi aiki idan an sha kafin abin ya tashi, misali awa ɗaya kafin motsa jiki. Likita na iya ninka adadin har sau huɗu, amma likita na ce, ba kai ba. Piriton yana aiki, sai dai yana kawo gyangyaɗi, direba da mai aiki da inji su kiyaye. Asfirin da ibufurofen kan tsananta borin ga wasu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne man shafawa mai sitiroyid. Ƙurjin da zai tafi da kansa cikin awa ɗaya, sai a yi wata da watanni ana labta masa mai, fata ta yi siriri a banza.

Wata baiwar Allah can baya ta rubuto tana tambaya, yaushe ne gida ya gaza? Malama, idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko numfashi ya soma ƙara kamar ana fito, ko jiri ya ɗebi mutum, ba a jiran ƙwaya. Asibiti nan take, allurar adirenalin ake buƙata. Wanda hakan ta taɓa samunsa kada ya riƙa motsa jiki shi kaɗai. Sannan ki zagaye ƙurji ɗaya da biro. Idan bayan awa 24 yana nan cikin da'irar, ko ya bar tabo, wataƙila wani abin ne daban, a kai wa likitan fata ya duba.