Tashi daga ƙaramin filin jirgin sama: shirin da ya kamata matafiyi ya yi

Masu kallo, assalamu alaikum. Wanda ya saba tashi daga Abuja ko Legas, inda jirage ke sauka da tashi tun asuba har dare, yakan ɗauka cewa ko'ina haka abin yake. A filayen jiragen sama irin na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, ko na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko na Gombe da ke Lawanti, jiragen fasinja da ke zuwa a rana kaɗan ne, wani lokaci ma ɗaya tak. Idan wannan ɗayan ya wuce ka, ko aka soke tashinsa, to sai gobe, ko kuma ka nufi tashar mota.

Saboda haka, tun wajen sayen tikiti, ka zaɓi jirgin safe idan akwai shi. Jirgin da zai ɗauke ka galibi ba a filin ya kwana ba, daga Abuja ko Legas zai taso, ya sauke fasinja, sannan ya kwashe ku, don haka duk jinkirin da ya samu a can kanku zai ƙare, kuma jinkirin taruwa yake yi har zuwa yamma. Wasu ƙananan filayen kuma aikinsu na tsayawa ne da faɗuwar rana saboda rashin isassun fitilu a titin saukar jirgi, ta yadda jirgin yamma da ya makara awa biyu yana iya zama sokakke.

Sai batun hazo. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, ƙurar hunturu takan rufe sararin Arewa har matuƙi ya kasa hango titin sauka, kuma idan nisan da ake iya gani ya gaza ƙa'idar da aka gindaya wa filin, ba a yarda jirgi ya sauka, komai matsayin wanda ke cikinsa. A irin wannan lokaci, duk wanda zai haɗa tafiya da jirgin ƙasar waje daga Abuja ko Kano, hikima ita ce ya isa can kwana ɗaya kafin ranar tashinsa, domin kuɗin masauki na dare guda bai kai asarar tikitin Jidda ko Landan ba.

Ka isa filin aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin tashi, duk da cewa ba za ka tarar da dogon layi ba, kuma ka riƙe katin shaida wanda sunan da ke jikinsa ya yi daidai da na tikitin. A lokacin jigilar alhazai kuwa, ka ƙara lokaci, domin masu rakiya kan cika ƙofar shiga.

Yawancin lokaci ƙananan jirage ake turowa waɗannan filayen, irin su Embraer 145 mai kujeru 50, wanda ma'ajiyar kayan da ke saman kujerunsa ba ta ɗaukar babbar jakar hannu. A gindin matakala ma'aikaci zai karɓi jakar, ya maƙala mata takarda, ya aika da ita ɗakin kaya. Kafin ka miƙa, ka ciro magani, da takardu, da kwamfuta, da fawabank, domin doka ta hana sa fawabank a cikin kayan da ke ƙasan jirgi saboda haɗarin kama wuta. Aska, almakashi da ƙaramar wuƙa kuwa akwati za su shiga. Tsarabar man shanu ko zuma a ɗaure bakinta sosai, a kuma auna kaya tun a gida, don kuɗin ƙarin nauyi kowane kilo ake lissafa shi.

Kada ka dogara da abincin filin, wataƙila shago ɗaya ne. Ka riƙe kuɗi a hannu, don na'urar POS tana iya ƙin aiki, kuma ka shirya wanda zai ɗauke ka tun kafin ka sauka, tunda filayen a bayan gari suke, na Birnin Kebbi ma a Ambursa yake, kuma da fasinja sun watse 'yan tasi ma sukan watse.

Idan aka samu jinkiri, dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta tanadi cewa bayan awa 2 kamfani ya ba fasinja abin taɓawa, idan kuma ya haura awa 3 fasinja yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa. Ka adana tikiti da saƙon da kamfanin ya turo maka, ka fara kai ƙorafi teburinsu, idan ba a biya maka buƙata ba sai ka shigar da shi sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar.