Jawabin Maraba ga Farfesa a Ranar Baje Kolin Kimiyya, Kura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Hakimi, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu da malamai, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe Farfesa, lale marhabin. Ka sha hanya daga birni. Mun san ɗakin bincikenka bai cika sakinka ba, shi ya sa muka ɗauki wannan zuwa da girma.

Dattawa sun tambaye ni aikin baƙonmu. Na ce gari yake yi. Suka yi dariya, amma gaskiya ce. Gari ne na ƙarfen zink ko na taitaniyam da suka haɗu da iskar oksijin, ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu 80. Idan rana ta bugi wannan gari cikin ruwa, sai ya shiga farfasa launin da ke ciki. Tun 1972 wasu Japanawa biyu, Fujishima da Honda, suka nuna abin da haske ke sa taitaniyam da ya haɗu da oksijin ya yi wa ruwa.

To Kura garin rini ne. Kowa a nan ya ga kalar ruwan da ke gangarowa daga marina, musamman yanzu da rinin kanti ya yi yawa. Rana kuwa, Alhamdulillahi, ba ma saye.

Ɗalibanmu sun gwada. Sun dafa ganyen zogale, suka tace, suka zuba a ruwan gishirin zink, suka busar da abin da ya kwanta, suka gasa. Yana kan wuta ya koma ruwan ɗorawa. Wata yarinya har ta fara hawaye, wai aikin mako biyu ya ƙone. Da ya huce sai ga shi fari. Ashe halinsa ke nan. Ga kwalabe biyu na ruwan rini a gabanka, ranka ya daɗe: ɗaya shuɗi ce har yanzu, ɗayar da aka sa wa garin ta wuni a rana ta koɗe.

Sai dai ido ba ya auna nanomita. Ba mu da madubin lantarki mai nuna ƙananan ƙwayoyi, ba mu da na'urar da ke haska tsarin ƙwayar. Roƙonmu ke nan: ka tafi da wannan ƙullin, a duba mana ko abin da yaran suka yi ya kai ƙanƙantar da ake nufi.

Bismillah, ranka ya daɗe, ga lasifika.