Tabarau Mai Maganin Tsoro, da Hanyar Zama Malamin Jami'a a Fanninsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk mazaunin Zariya ya saba da ƙugin ƙananan jiragen nan na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa tun 1964, suna shawagi ta saman Palladan da Samaru. Amma ba a sama kaɗai matuƙi yake koyo ba. Akwai na'urar da ke girke a ƙasa, cikinta sak gaban jirgi. Malami zai kashe wa ɗalibi inji, ya taso masa da hadari, sai ka ga ɗalibi yana gumi kashirɓan, alhali ko taku ɗaya bai bar ƙasa ba. Ya san ba gaske ba ne, amma jikinsa ya gaskata.

A kan wannan hali na jiki masana halayyar ɗan Adam suka gina wani reshe na magani. Yau za mu ga yadda yake aiki, da kuma yadda yaro ko yarinya daga nan Zazzau za su mai da shi aikin rayuwarsu a jami'a.

A ce wata baiwar Allah ce a Tudun Wada. Shekara biyu da suka wuce motarsu ta yi hatsari a hanyar Kaduna. Karaya ta ɗore, rauni ya warke, amma tun daga ranar ba ta sake shiga mota ba. Da ta doshi Kwangila ta ji 'yan kamasho suna kiran fasinja, sai gabanta ya yanke ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. An yi bikin ƙanwarta a Kano ba ta je ba. Wasu suna cewa iska ce, wasu suna cewa ta cika raki, masu tausayi kuma su ce sai haƙuri. Addu'a da haƙuri suna da gurbinsu, ba mai musun wannan. Sai dai ciwonta sananne ne a wurin masana, kuma yana da magani.

Duk lokacin da ta juya ta koma gida, takan ji sanyi a ranta. Wannan sanyin ne yake ciyar da tsoron, domin ƙwaƙwalwa tana ɗauka cewa guduwar ce ta cece ta. Tun shekarun 1950 wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya nuna cewa idan aka kusantar da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, cikin natsuwa, tsoron yakan sauka. To amma ta yaya za ka kawo tasha da babbar hanya cikin ɗakin asibiti? Balle jirgin sama, ko fagen yaƙi?

Nan tabarau ɗin ya shigo. Wani gilashi ne da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido ruf, irin su Meta Quest. Duk inda ka juya kai, duniyar da kwamfuta ta ƙera tana juyawa tare da kai. Ranar farko ba za a sa ta a hanya ba. Mota ce kawai a tsaye, ƙofa a buɗe, inji a kashe. Masaniyar da ke kula da ita tana zaune a gefe, tana ganin duk abin da take gani a allo.

"Hajiya, daga 0 zuwa 100, tsoron ya kai nawa yanzu?"

"Ya kai 80, Malama. Don Allah a cire."

"Idan kin ce a cire, yanzu zan cire. Amma daure mu ɗan zauna a nan. Ina tare da ke."

Bayan ɗan lokaci sai ya sauko 60, ya sauko 40. Wani zaman a tada inji. Wani zaman motar ta motsa. Can gaba a ƙaro tirela tana wucewa, a ƙaro duhun magariba. Linzamin yana hannun masaniyar, kuma ba ta ƙara nauyi sai mai ciwon ta yarda. A ƙarshe dole a fita tasha ta gaske, domin can ne ake son ta koma.

Waɗanda suka buɗe wannan ƙofa malaman jami'a ne. A 1995, Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory a Atlanta, Amurka, da wani masanin kwamfuta mai suna Larry Hodges, suka wallafa gwaji na farko mai tsari: ɗalibai masu tsoron bisa, aka riƙa hawa da su gadoji da baranda da lif mai bangon gilashi, duk a cikin tabarau, kuma tsoronsu ya ragu. Ku lura da wannan haɗin, masaniyar halayya da masanin kwamfuta. Har gobe haka fannin yake tafiya. Daga baya Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya ƙera wa sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan titunan da suka yi yaƙi a cikinsu, har da girgizar mota a ƙarƙashin kujera da warin man dizal. A Jami'ar Washington kuma, Hunter Hoffman ya gina duniyar ƙanƙara domin masu ƙuna, su shagala a cikinta lokacin da ake wanke musu ciwo, raɗaɗin ya ragu.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Daniel Freeman a Jami'ar Oxford ta Ingila. A 2018 ya gwada mutum 100 masu tsoron bisa, waɗanda suka shafe kimanin shekara 30 da shi. Wannan karon mai jagorar ma a cikin tabarau take, kwamfuta ce ta ƙera ta, kuma cikin mako biyu tsoron waɗanda aka yi wa maganin ya ragu ƙwarai. A 2022 ya sake gwadawa da mutum 346 masu taɓin hankali da ke shakkar fita cikin jama'a, aka riƙa kai su kanti da bas da wurin shan shayi. A nan amfanin bai yi yawa ba ga kowa da kowa, ya fi bayyana ga waɗanda tsoron ya fi tsananta a gare su. Ina son wannan sakamakon domin gaskiyarsa. Haka kuma, idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tsoro, tabarau yakan yi kunnen doki ne da tunkarar abin a zahiri, bai fi shi ba. Fifikonsa shi ne yana kawo abin da ba ya kawuwa, kuma mutane sun fi yarda su fara da shi.

To me ya kawo maganar nan Zariya? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. A gefe guda kuma, ga waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa, ga waɗanda suka tsira daga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris ɗin 2022, ga sojoji, ga yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Kuma duniyoyin da aka ƙera a Oxford na mutanen Oxford ne. Tsoron Hajiyar Tudun Wada ba ya cikin bas ɗin Ingila. Yana cikin ƙarar babura, da muryar kwandasta, da wata kwana a hanyar Kaduna. Sai wanda ya san waɗannan zai iya ƙera su, sai mai jin Hausa zai gane abin da take nufi in ta ce zuciyarta ta tsinke. Mun taɓa yin irin wannan: a 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, suna zaune cikin jama'a tare da danginsu, har duniya ta zo koyo.

Hanyar kuwa doguwa ce, kada in ɓoye muku. Digiri na farko a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda jami'o'in Jos da Ibadan da Nsukka suka daɗe suna koyarwa. Sai bautar ƙasa. Sai digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya, inda za ka zauna da su a ƙarƙashin idon ƙwararru, a wurare irin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Sai digirin digirgir, inda za ka tsayar da tambaya guda ka bi ta shekaru. Daga ƙaramin lakcara ake hawa har zuwa farfesa, kuma tsanin hawan shi ne binciken da ka wallafa a mujallun ilimi. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, yana ɗaukar nauyin ƙaro karatun malaman jami'o'in gwamnati. A nan Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen ilimin halayya da ba da shawara a tsangayar ilimi, akwai sashen kwamfuta a Samaru, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika. Mutanen da ake buƙata suna nan a gari guda.

Darasin da ɗalibai suka fi gudu, wato lissafin ƙididdiga da dabarun bincike, shi ne jarin wannan aiki. Ba lallai ka iya rubuta manhaja ba, za ka sami abokin aiki da ya iya. Amma dole ka iya raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ka auna su kafin magani da bayansa, ka koma bayan wata shida ka ga ko sauƙin ya ɗore. In bai yi aiki ba, ka rubuta cewa bai yi ba.

Wahalhalu kuma kun san su: albashi, wutar lantarki, kayan da ake saye da dala, yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas. Tabarau ɗin kansa yakan sa wasu jiri da tashin zuciya. Abin da ya fi damuna shi ne wani ya sayo shi a kasuwa ya ɗaura wa wanda ya fito daga daji, wai yana yi masa magani. Wannan tsokano miki ne ba tare da sanin yadda za a rufe shi ba. Shi ya sa ba a taɓa mara lafiya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sai shi kansa ya yarda bayan an yi masa bayani da harshensa, kuma sirrinsa ya tsaya a ɗakin.

Akwai tambayoyin da sai ɗan nan zai yi su. Matar da ke cikin hijabi za ta saki jiki a rufe mata ido a gaban namiji, ko sai mace? Dattijon da bai taɓa riƙe babbar waya ba, jikinsa zai gaskata abin da yake gani? Sautin tasha kaɗai, ba hoto, zai iya tada tsoron har a yi aiki da shi? Wannan ta ƙarshen ɗalibin digiri na biyu zai iya fara ta da izinin malaminsa, da wayar hannunsa, da safiya guda a ƙarƙashin gadar Kwangila yana naɗar ƙarar motoci.