Kana taka, Allah na tasa: ikon Allah da alhakin mutum

(An rubuto wannan daga faifan muryar wata lacca da aka gabatar wa matasan ikkilisiya a Zuru, Jihar Kebbi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Iyayena dattawan ikkilisiya, iyayena mata 'yan zumunta da kuka zo taya 'ya'yanku zama, da ku matasa masu taro, ina gaishe ku. Na baya, kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan ikon Allah bisa shirye-shiryen mutum. Da farko na ga kamar an ba ni aiki mai sauƙi, domin a ƙasar nan ba wanda yake musun wannan magana. Je ka tashar mota, je ka kasuwar Ribah, tambayi Kirista, tambayi Musulmi, kowa zai ce maka kana taka, Allah na tasa. Littafin Karin Magana ma haka ya ce a sura 16 aya 9, mutum yakan tsara hanyarsa a zuciya, amma Ubangiji ne yake bi da sawunsa. A sura 19 aya 21 ya sake faɗa, dabarun zuciyar mutum suna da yawa, amma nufin Ubangiji ne zai tabbata. Manzo Yakubu kuma a sura 4 ya ja kunnen 'yan kasuwa masu cewa gobe za mu gari kaza, mu shekara, mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba. Duk mun yarda. Da nan maganar ta tsaya, da na zauna an rera waƙa an tashi.

Damuwata ita ce yadda muke amfani da wannan gaskiya. Mun mai da ita abin rufe bakin mai tambaya. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Mutane ne masu yawan gaske a ciki, har da mata da yara, kuma hukumomi da kansu sun ce an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. Amma me aka fi ji a bakin jama'a? Kwana ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ikon Allah ne. Ni ma na gaskata ran kowane ɗayansu yana hannun Allah, Yesu ya ce ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanku ba. Sai dai ina so in tambaye ku: wanda ya tsaya a bakin ruwa yana karɓar kuɗi yana ƙara mutane, yana ganin jirgi yana nutsewa a hankali, shi ke nan an wanke shi?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. A nan zan daɗe, domin shi ma labarin jirgin ruwa ne.

Ana kai Manzo Bulus Roma a ɗaure. Wani jarumin soja mai suna Yuliyas ne yake tsaronsa. Suka shiga wani jirgin Iskandariya mai ɗauke da alkama, mutum 276 a ciki. Da suka kai wata mafaka a tsibirin Karita, lokacin tafiyar ruwa ya riga ya wuce, iska ta fara sauyawa. Bulus ya ce, jama'a, na ga tafiyar nan za ta zama da hasara, ba ta kaya da jirgi kaɗai ba, har da rayukanmu. Jarumin ya dubi ɗaurarre, ya dubi matuƙi da mai jirgi, ya bi maganar mai jirgi. Yau ma haka ake yi, mai dukiya ake saurara. Suka tashi. Ba su yi nisa ba guguwa ta sauko musu daga tsibirin. Suka zubar da kaya, suka zubar da kayan aikin jirgin da hannunsu, kwana da kwanaki ba rana ba taurari, har Luka da ya rubuta labarin, wanda shi ma yana ciki, ya ce sun fid da rai da tsira.

Sai Bulus ya miƙe. Ku lura da abin da ya fara faɗa. Bai ce ikon Allah ne ba. Cewa ya yi, da kun ji maganata da ba ku tashi daga Karita kun jawo wannan hasara ba. Ya ɗora laifi inda laifi yake. Bayan haka ne ya ce su yi ƙarfin hali, domin mala'ikan Allah ya tsaya kusa da shi da dare ya ce lalle sai ya tsaya gaban Kaisar, sarkin Roma, kuma Allah ya ba shi rayukan dukan abokan tafiyarsa. Ba wanda zai mutu, jirgin ne kawai zai tafi.

Alkawari ke nan daga bakin Allah, ba sharaɗi a ciki. Yanzu ku ji abin mamaki. A dare na goma sha huɗu, ma'aikatan jirgin suka gane sun kusa tudu. Suka sauke ƙaramin kwalekwale, wai za su je su saki anka ta gaba, ashe gudu za su yi su bar sauran. Bulus ya gan su. Da irin tunaninmu yake da shi, da ya naɗe hannu ya ce ai Allah ya riga ya faɗa, su tafi mana. Amma ya juya ga jarumin da sojojinsa ya ce, in mutanen nan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Aya 31 ce, ku ja mata layi. Mutumin da ya ce Allah ya yi alkawari ba wanda zai mutu, shi ne ya ce in matuƙa suka gudu za ku mutu. Sojoji suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Gari na wayewa ya roƙe su su ci abinci, ya ce don lafiyarku ne, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gaban kowa ya ci. Da jirgin ya fashe, masu iya iyo suka faɗa ruwa, sauran suka kama katako da tarkacen jirgi, dukansu suka kai gaci a tsibirin Malta.

Allah ya cika maganarsa, amma ta hannun matuƙan da aka hana gudu, da gurasar da aka ci, da katakon da aka runguma. Wanda ya ƙaddara tsira, shi ne ya ƙaddara hanyar tsirar. Saboda haka rigar ruwan da ake ba ka a bakin kogi ka ce tana damunka da zafi, ba rashin bangaskiya ba ce. Allurar rigakafin yaro, da zuwa awon ciki, da duba birkin mota kafin a hau hanyar Kontagora, duk haka. Nehemiya da maƙiya suka yi wa barazana sa'ad da yake gina garun Urushalima, ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana. A aya ɗaya ya haɗa su, sura 4 aya 9.

Kuma kada ku manta Bulus ya daɗe yana shirin zuwa Roma. A wasiƙarsa ga Romawa sura 15 ya ce zai biyo ta wurinsu a hanyarsa ta zuwa Sifen. Ya isa Roma kuwa, amma da sarƙa a hannu. Ya shirya, an ba shi abin da ya roƙa, ba ta ƙofar da ya zata ba.

Sai Yusufu, wanda kun san labarinsa tun makarantar Lahadi, don haka ba zan ja shi ba. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a kan azurfa 20. Yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Ku ƙara shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa, za ku ga shekara 22 ke nan kafin ya bayyana kansa gare su. A cikinsu har da shekara 2 cur da ya ƙara a kurkuku don kawai mai shayarwar sarki ya manta da shi. Bayan rasuwar mahaifinsu suka zo suna rawar jiki, sai ya ce musu, a Farawa 50 aya 20, ku kun nufe ni da mugunta, amma Allah ya nufe shi da alheri. Bai ce kada ku damu, ba ku yi kome ba. Ya kira mugunta da sunanta. Abu ɗaya ne ya faru, nufi biyu ne a kansa, nasu da na Allah, kuma na Allah bai shafe alhakin nasu ba. Haka Manzo Bitrus ya yi ranar idin Fentikos, sa'ad da ya yi wa taron jama'a wa'azi a Urushalima. Ya ce an ba da Yesu bisa ga ƙaddarar Allah da rigyasaninsa, a numfashi guda kuma ya ce ku kuka gicciye shi ta hannun mugaye. Mutanen ba su ce to ai ƙaddara ce ba. Maganar ta soki zuciyarsu, suka ce 'yan'uwa, me za mu yi?

In kun tambaye ni yadda waɗannan biyun suke haɗuwa, Allah yana mulki a kan kome, mutum kuma yana ɗaukar alhakin abin da ya yi, zan gaya muku manyan malaman ikkilisiya sun yi ta ja a kai. Agustin da Felajiyas sun kai ruwa rana tun ƙarni na biyar, almajiran Kalbin da na Arminiyas suka ɗora nasu a Turai. Littafi Mai Tsarki ya ajiye su biyun gefe da gefe, bai nemi gafarar kowa ba. Ni a ganina, wanda ya jefar da ɗaya don ya samu sauƙin ɗayan, shi ne ya yi hasara.

Bari in kawo muku na kusa da gida. A watan Disamban 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan tamu ta Arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ba ko mutum ɗaya da zai nuna ya ce ga amfanin tafiyar. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Pategi. Daga wannan aikin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya tsaya a kabarin Gowans a 1894 zai ce shiri ya rushe, kuma ba za ka ce ya yi ƙarya ba, domin abin da ido ya gani ke nan. Ga wani abu kuma da ba a cika faɗa a kan bagade ba: a 1897 ne wani likita, Ronald Ross, ya gano a Indiya cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Masu bisharar da suka zo daga baya sun rayu da addu'a, sun kuma rayu da kwinin da gidan sauro.

Abu na ƙarshe kafin tambayoyi, kuma iyayena mata ku yi mini haƙuri, domin ku kuka fi zuwa ta'aziyya. Romawa 8 aya 28, cewa dukan abubuwa suna aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, gaskiya ce. Amma ba a shiga da ita gidan makoki tun daga bakin ƙofa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara fassara masa dalilin wahalarsa, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Da aka zo wa Yesu da labarin masifa, ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi? A'a. Manomin da ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa a fadamar Argungu, ga bashi a wuyansa, ba ya bukatar ka gaya masa abin da Allah yake koya masa. Kai ma ba ka sani ba. Kai masa kwanon hatsi.

(Wani saurayi ya yi tambaya: iyalinsu sun bar ƙauyensu saboda 'yan bindiga, wasu kuma suna ce musu da sun dogara ga Allah da ba su gudu ba.)

Ɗana, sannu. Allah ya ƙara muku haƙuri, kai da iyayenka. Wanda ya faɗa muku haka, ka tambaye shi ko ya fi Yusufu mijin Maryamu bangaskiya, wanda ya ɗauki jariri Yesu da dare ya gudu Masar. Yesu da bakinsa ya ce wa almajiransa in an tsananta muku a wannan gari, ku gudu zuwa wancan, Matiyu 10 aya 23. Bulus ɗin nan da muka karanta, a cikin kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Ba ku yi zunubi ba.

Amma na san akwai wata tambayar a ƙarƙashin wannan, me ya sa ku kuka fita, maƙwabcinku bai fita ba. Karanta Ayyukan Manzanni sura 12. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Ya kama Bitrus, mala'ika ya zo da dare ya buɗe masa ƙofar kurkuku. Sura ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu, kuma Luka bai rubuta ko aya ɗaya ta bayani ba. Ni ma ba zan ƙirƙiro maka ba. Abin da zan ce, dattawa suna nan suna jina: mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da suka shigo garin nan, a rubuta sunayen waɗanda suke cikinmu, a san inda suke kwana, a san yaran da suka daina zuwa makaranta. In an tashi ka tsaya ka ga sakataren ikkilisiya. Akwai wata tambayar?