Me Gwani Yake Gani Wanda Mu Ba Ma Gani?

Ranar 15 ga Janairu, 2009, wani jirgin saman US Airways ya tashi daga filin LaGuardia da ke New York da mutum 155 a ciki. Bai yi nisa ba ya yi karo da ayarin dinyoyi, injinansa biyu suka daina aiki. Matuƙin, Chesley Sullenberger, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne wanda ya shafe kusan awa 20,000 yana tuƙi a sama. Daga ƙasa aka ba shi hanyar komawa filin jirgi, ya auna ya ga ba za su kai ba. Cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, shi da abokin aikinsa Jeffrey Skiles suka kwantar da jirgin a kan kogin Hudson. Ko rai ɗaya ba a rasa ba.

Daga baya masu bincike sun sake gwada lamarin a na'urar koyon tuƙi. Wasu matuƙan sun iya komawa filin, amma fa sun san abin da zai faru, suna jin ƙarar karon suka juya. Da aka ƙara daƙiƙa 35, lokacin da ɗan Adam yake buƙata ya gane abin da ya same shi, jirgin bai kai ba.

To, ta yaya mutum zai yanke hukunci irin wannan ba tare da takarda da biro ba?

A 1973, masana halayyar ɗan Adam William Chase da Herbert Simon suka nuna wa 'yan wasan darar Turawa allo na daƙiƙa biyar, aka rufe, aka ce su mayar da 'ya'yan dara inda suke. Gwanin ya tuna ninkin-ba-ninkin abin da sabon shiga ya tuna. Sai aka watsa 'ya'yan barkatai, yadda ba za su taɓa zama a wasa na gaske ba. Nan fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ashe ba kaifin ƙwaƙwalwa ya fi mu da shi ba. Ya ga dubban wasanni, shi ya sa inda muke ganin 'ya'ya ashirin, shi tsari huɗu ko biyar yake gani, kuma kowanne ya san inda yake kaiwa. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Haka ma'aikaciyar jinya take kallon jariri ta kira likita kafin awo ya nuna komai. Haka bakanike yake jin kukan inji ya nufi inda ciwon yake. Idan ya gama cikin minti biyar sai mu ji ƙyashin biyansa, alhali shekarun da suka mayar da aikin na minti biyar muke biya. Wanda bai iya ba zai wuni a kai, ya canza kaya uku masu lafiya, mu kuma biya shi muna yaba ƙoƙarinsa.

Sai dai daɗewa kaɗai ba ta yin gwani. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokansa suka binciki ɗaliban gogen Turawa a Berlin. Waɗanda suka fi kowa sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20. Duniya ta riƙe adadin, ta manta da irin atisayen: malami ya nuna maka inda kake kuskure, ka yi ta maimaita wurin da ya gagare ka har ya zauna.

A 2009 masana Daniel Kahneman da Gary Klein, waɗanda suka daɗe da saɓani kan ko za a iya dogara da hangen gwani, suka yarda cewa za a iya idan an cika sharuɗɗa biyu. Dole sana'ar ta zama mai tsari da ke maimaituwa, kuma mai yin ta ya riƙa ganin sakamakon aikinsa da wuri. Mai hasashen yanayi ya ce gobe za a yi ruwa, gobe ta zo ta gaskata shi ko ta ƙaryata shi. Mai sharhin siyasa kuwa yana iya faɗin abin da zai faru nan da shekara goma, lokacin ya zo babu mai tuna masa. Wani mai bincike, Philip Tetlock, ya bi hasashen masana 284 irin waɗannan tsawon shekaru, ya wallafa sakamakon a 2005. Da ƙyar suka ɗara mai canki-canka.